Florence Nightingale Da Jadawalin Mutuwar Sojojin Ingila

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin gwamnati a Kaduna, ko a Sakateriya ta kan titin Independence ko a ɗakin rajista na wani asibiti, ya san aikin ƙarshen wata. Akan jawo takarda mai gida-gida a cika ta da alƙaluma: mutum nawa aka kwantar, nawa aka sallama, nawa suka rasu, da irin cutar da ta ɗauke su. Akawu ya sa hannu, babba ya buga hatimi, a aika da ita gaba. Al'adar kuwa ba ta yau ba ce, gama wanda ya shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna zai tarar da rahotannin shekara-shekara na Razdan-Razdan ɗin lardunan Arewa, shaƙe da jadawalin haraji da jangali da yawan jama'a. To, amma cika jadawali daban, karanta shi daban. Takarda mai alƙaluma dubu tana iya ɗauke da labarin wata babbar masifa, ta shekara goma a cikin fayil ba wanda ya lura.

Cikin mutanen da suka fara gane wannan matsala, suka kuma nemi maganinta, akwai wata Baturiyar Ingila wadda ake kira Florence Nightingale. Yawancin mutane sun san ta ne a matsayin uwar aikin jinya na zamani, matar nan mai yawo da fitila cikin dare tana duba sojojin da ke kwance, wadda saboda ita ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya ran 12 ga watan Mayu na kowace shekara. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai zamanta a asibitin soja bai cika shekara biyu ba, alhali kuwa ta yi shekaru masu yawa bayansa tana aiki da alƙalami da ƙididdiga, kuma rayukan da ta ceta ta wannan hanya sun fi waɗanda ta yi jinya da hannunta nesa ba kusa ba.

An haife ta ran 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta ke yawon buɗe ido, don haka aka raɗa mata sunan birnin. Mahaifinta, William Edward Nightingale, mai dukiya ne, yana da gida a Derbyshire da wani a Hampshire, kuma shi da kansa ya karantar da 'ya'yansa mata biyu, watau ita da yayarta Parthenope. Ta koyi Latin da Girkanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da tarihi. Lissafi kuwa sai da ta yi ta roƙo kafin a yarda a koya mata, domin a ganin mutanen zamanin ba ilmin da ya dace da 'yar manyan gida ba ne. Abin da ake so gare ta shi ne ta iya karɓar baƙi, ta iya hira, ta auri mai hali.

A cikin watan Fabrairu na 1837, tana 'yar shekara goma sha shida, ta sakankance cewa Ubangiji ya kira ta ga wani aiki, ko da yake ta daɗe ba ta san ko wane iri ba ne. Da ta faɗa wa iyayenta a 1845 cewa tana so ta koyi jinya a asibitin Salisbury, sai gida ya rikice. Ba laifinsu ba ne ƙwarai, don a lokacin asibiti wurin talakawa ne, mai ƙazanta, masu jinya kuma ba a ɗauke su mutanen kirki ba. Da aka hana ta, sai ta koma ga karatu a ɓoye. Takan tashi tun da asuba ta duƙufa a kan rahotannin gwamnati game da asibitoci da lafiyar jama'a, irin manyan littattafan nan masu cike da jadawali waɗanda ko 'yan majalisar da aka buga dominsu ba su cika buɗewa ba. Ta ƙi auren wani mashahurin mutum, Richard Monckton Milnes, wanda ya daɗe yana nemanta. A 1851 ta sami zuwa Kaiserswerth a ƙasar Jamus ta yi wajen wata uku tana koyon jinya, a 1853 kuma aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley da ke Landan, mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara don ta riƙe kanta.

Tana nan sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Daular Turkawa. A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga suna taimakon Sarkin Santambul, aka kai yaƙin yankin Kirimiya da ke gaɓar Baƙin Teku. A ƙasar Hausa, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello ke nan. Wakilan jaridar Times suka riƙa aiko da labarin irin wulaƙancin da sojojin Ingila marasa lafiya ke ciki, jama'a suka fusata. Sidney Herbert, wanda ke riƙe da wani babban muƙami a harkokin soja, kuma ya san ta tun haɗuwarsu a birnin Rum, ya roƙe ta ta tafi da mata masu jinya. Ta bar Landan ran 21 ga watan Oktoba da mata 38, suka sauka ran 4 ga watan Nuwamba a Sukutari, wata unguwa da ke tsallaken ruwa daga Santambul, inda aka mai da wani ƙaton barikin Turkawa asibiti. Kashegari aka gwabza yaƙin Inkerman, jiragen ruwa suka fara sauke majinyata.

Abin da ta tarar ya wuce misali. Gadaje sun yi layi na tsawon mil huɗu, sojoji na kwance cikin tufafin da suka yi yaƙi da su, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, ba sabulu, ba isassun kwanonin cin abinci. Likitocin soja ba su yi maraba da ita ba, ita kuwa ta yi haƙuri har sai da aiki ya fi ƙarfinsu suka neme ta da kansu. Ta sayi buroshin wanke daɓe, ta kafa wurin wanki, ta gyara ɗakin girki, ta sayo riguna dubbai da kuɗin da jama'a suka tara. Wani abin da ya dame ta, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne rikicin takardu. Akwai rajista har uku na waɗanda suka mutu, kuma ba wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. Ashe hukumar da ke da asibitin ba ta ma san adadin mutanen da ke mutuwa a hannunta ba.

Duk da wannan ƙoƙari nata, mutuwa ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa. A hunturun farko sojoji 4,077 suka mutu a Sukutari. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane majinyaci 100 wajen 42 ke mutuwa. Sai a watan Maris gwamnati ta aiko da wata hukumar tsabta, wadda a cikinta akwai likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Su suka gano cewa an gina barikin a kan magudanar ƙazanta wadda ta toshe, warinta na hawa cikin ɗakunan marasa lafiya, har ma suka tsamo mushen doki daga hanyar ruwan sha. Aka wanke magudanai, aka kwashe shara, aka buɗe tagogi, aka rage cunkoso. Kafin ƙarshen watan Yuni mutuwa ta sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Ita kanta Florence ta ƙetara Kirimiya a watan Mayu, ta kamu da wani zazzaɓi mai tsanani wanda ya kusa kashe ta, bai kuma rabu da jikinta ba har tsufanta.

Aka ƙulla sulhu a birnin Paris a watan Maris na 1856. Ta koma gida a watan Agusta a ɓoye, da sunan aro, don ta kauce wa masu shirin tarbarta da ganguna. A lokacin sunanta ya cika Ingila, an tara kuɗi fiye da fam 44,000 don girmama ta. Da wata ce, da sai ta huta ta ci moriyar sunan. Ita kuwa tambaya ɗaya ta tsaya mata a rai: mene ne ainihin abin da ya kashe waɗannan samari? A watan Satumba ta gana da Sarauniya Victoria a Balmoral, ta nemi a kafa hukumar bincike a kan lafiyar sojoji. Ministan Yaƙi, Lord Panmure, ya yi ta jan ƙafa, amma a 1857 aka kafa hukumar, Sidney Herbert na shugabanta. Da yake ita mace ce ba a ba ta kujera ba, sai dai daga ɗakinta ake shirya yawancin hujjojin da ake gabatarwa.

A nan ne ta haɗu da likita William Farr, masanin ƙididdiga na ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila. Su biyu suka zauna a kan jadawalin sojan, suka yi masa abin da ɗaliban ƙididdiga ya kamata su lura da shi. Da farko suka rarraba mutuwar wata-wata, daga Afrilu 1854 zuwa Maris 1856. Sa'an nan suka kasa dalilan mutuwa kashi uku: cututtuka masu yaɗuwa waɗanda ake iya hanawa, kamar kwalara da atini da zazzaɓin taifot da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, sai raunin yaƙi, sai sauran dalilai. Daga nan suka kula da wani abu da mai gaggawa kan manta. Yawan rundunar ba ɗaya ba ne kullum: a Afrilu 1854 sojoji 8,571 ne, a Satumba 1855 kuwa sun kai 47,751. Saboda haka faɗin adadin matattu kawai ba ya nuna kome, sai an auna shi da yawan mutanen da aka ɗebe su daga ciki.

Ga misali ɗaya da mai karatu zai iya bi da fensir. A watan Janairu na 1855 rundunar tana da sojoji 32,393. Cikinsu 2,761 suka mutu da cututtuka masu yaɗuwa, 83 da rauni, 324 da wasu dalilai. In aka ninka 2,761 sau goma sha biyu, watau a ce kowane wata na shekara haka zai kasance, za a sami 33,132, wanda ya ɗara yawan rundunar gaba ɗaya. Ma'ana, da abin ya ci gaba haka, ba a kuma kawo sababbin sojoji ba, da cuta kaɗai ta share rundunar Ingila kafin shekara ta zagayo, ba tare da Rashawa sun harba ko harsashi ɗaya ba. A cikin wata ashirin da huɗun nan, jadawalin ya nuna mutum 14,476 cuta ta kashe, 1,758 kuma rauni. Lalle ne a faɗa cewa lissafin bai haɗa da waɗanda suka faɗi nan take a fagen fama ba, amma ko an haɗa da su cuta ce ke kan gaba da nisa.

Binciken ya taɓa ta ita kanta. A lokacin yaƙi ta fi ɗora laifin a kan rashin abinci da tufafi, da gajiyar da sojoji, da kawo su asibiti bayan sun riga sun galabaita. Da aka jera alƙaluma asibiti-asibiti, wata-wata, sai ta ga cewa ƙazantar gine-ginen da cunkosonsu su ne kan gaba, kuma babban asibitin da ta yi aiki a ciki yana cikin waɗanda aka fi mutuwa. Ba ta ɓoye wannan ba, ba ta kuma taɓa cewa ita ta rage mutuwar ba. Hukumar tsabta ta ba yabon. Ba kowane ma'aikaci ne zai tono jadawalin da ke rage masa suna ya kuma buga shi da kuɗinsa ba.

Ba su tsaya ga yaƙi ba. Suka ɗauki sojojin da ke zaune lafiya a barikokin Ingila, suka gwada su da fararen hula tsaransu. A hankalce soja ya kamata ya fi kowa lafiya, tun da sai likita ya duba shi kafin a ɗauke shi. Amma sai ga shi a rundunoni dabam-dabam ana rasa 17, ko 19, ko 20 cikin kowane 1,000 a shekara, alhali a cikin fararen hula 11 ne. Ta lissafa cewa wannan rata daidai take da a fitar da sojoji 1,100 fili kowace shekara a bindige su. Ta tattara duk wannan a cikin wani rahoto mai shafi fiye da 800, wanda ta buga a 1858.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ta san manya ba za su karanta shafi 800 ba, ta kuma san jami'an da rahoton ya taɓa za su so ya kwanta a fayil. Sai ta yanke shawarar mai da jadawalin zane, yadda ido zai kama cikin ɗan lokaci abin da kunne ya ƙi ji. Ba ita ta fara wannan dabara ba. Tun a 1786 wani mutumin Sukotlan, William Playfair, ya buga littafi mai zanen layi da zanen sanduna don nuna cinikin Ingila, a 1801 kuma ya fito da zanen da'ira mai yanka-yanka. Wani Bafaranshe, André-Michel Guerry, ya yi zane mai kama da nata a 1829. Abin da ta ƙara shi ne amfani da zane don tilasta wa gwamnati ta canza hali.

Ga yadda shahararren zanen nata yake. Da'ira biyu ne a kan takarda ɗaya, ta dama ta shekarar farko, daga Afrilu 1854 zuwa Maris 1855, ta hagu kuma ta shekara ta biyu. An tsaga kowace gida goma sha biyu daga tsakiya, kamar yadda mai kankana ke yanka ta, kowane yanki wata ɗaya. Sai dai yankunan ba tsawonsu ɗaya ba: watan da aka fi mutuwa, yankinsa ya fi miƙewa waje. A kowane yanki launi uku ne, shuɗi na cututtukan da ake iya hanawa, ja na rauni, baƙi na sauran dalilai. Wanda ya dubi da'irar dama zai ga shuɗi ya kumbura ya mamaye takarda wajen Disamba da Janairu da Fabrairu, ja kuwa ya maƙale a tsakiya ɗan mitsitsi. In ya juya ga ta hagu, bayan zuwan hukumar tsabta, sai ya ga shuɗin yana ta ƙanƙancewa, har a watan Maris na 1856 mutum 15 kaɗai cuta mai yaɗuwa ta kashe cikin sojoji 46,140. A watan Satumba na 1855, sa'ad da aka ci garin Sebastopol, nan ne ja ya rinjayi shuɗi.

Akwai wani kuskure da ta yi ta kuma gyara, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A zanenta na farko, tsawon layi daga tsakiyar da'ira shi ke nuna yawan mutuwa. Amma ido ba tsawo yake aunawa ba, girman fili yake gani, kuma in aka ninka tsawon yanki sau biyu, filinsa ninkuwa yake sau huɗu. Ashe zanen yana ƙara gishiri, yana nuna mugun wata ya fi yadda yake muni. Ko da yake ƙarin gishirin yana taimakon hujjarta, sai ta sake zanen yadda girman fili ne zai yi daidai da adadin. Ta buga zane-zanen a ƙananan littattafai, ta aika wa Sarauniya da ministoci da 'yan majalisa da likitoci da editocin jaridu, marubuciya Harriet Martineau kuma ta sa su cikin littafin da ta wallafa a 1859 game da sojojin Ingila.

Wannan aiki da ya ci mata watanni, da taimakon akawunan ofishin Farr, yau jami'in lafiya yana yinsa kafin shayinsa ya huce. Rahoton wata-wata na asibitocin Nijeriya ana zuba shi ne a wata manhajar kwamfuta mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita. Jami'i a Kaduna yana iya zaɓen ƙaramar hukuma, ya zaɓi watanni, ya zaɓi cuta, ya juya jadawalin yadda layukan kwance za su koma na tsaye, sa'an nan da taɓawa ɗaya ya mai da shi zanen sanduna ko taswira mai launi. Ɗalibi ma yana yin irin wannan da Excel. Abin da na'urar ba ta yi wa mutum shi ne zaɓen tambaya. Ba ita za ta ce a raba adadin da yawan jama'a ba, ba ita za ta ce a gwada soja da farar hula tsaransa ba, kuma zanen da ke ƙara gishiri tana fitar da shi da kyau daidai da na gaskiya. A ƙasar da ta ga sanƙarau na 1996, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a Arewa ya kashe fiye da 11,000, sanin makon da layin zane ya fara hawa ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙoƙarin Florence ya yi amfani. Bayan rahoton hukumar, aka kafa ƙananan kwamitoci huɗu, aka gyara iska da ruwa da magudanai a barikoki, aka buɗe makarantar likitocin soja a Chatham a 1860, aka kuma kafa sashen ƙididdiga na lafiyar soja. Cikin 'yan shekaru mutuwar sojoji a gida ta ragu ƙwarai. A 1858 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Landan ta zaɓe ta mamba, ita ce mace ta farko, a 1874 kuma takwararta ta Amurka ta ba ta matsayin girmamawa. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da kuɗin nan da aka tara mata. A wannan shekara kuma, da aka yi taron masana ƙididdiga na duniya a Landan, ta aika da samfurin takardar rahoto guda wadda take so dukan asibitoci su riƙa cikawa, da sunayen cututtuka iri ɗaya, don a iya gwada wannan asibiti da wancan. Wasu asibitocin Landan suka gwada, ba su daɗe ba suka watsar, don cika ta na da wuya. Amma takardar ƙarshen wata da akawun asibiti ke cikawa yau jikanyar wannan tunani ce.

Duk wannan kuwa daga kan gado take yinsa, gama tun daga 1857 ciwo ya tsare ta a ɗaki, ministoci ne ke zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya. Mutuwar Sidney Herbert a 1861 ta girgiza ta, ana kuma cewa ta matsa masa da aiki fiye da kima yana cikin rashin lafiya. Ba mace ce mai sauƙin zama da ita ba. Ba ta yi wa kanta rangwame, ba ta yi wa kowa.

Daga nan ta juya ga Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Ta tsara tambayoyi aka aika wa barikokin soja na can, amsoshi suka dawo tuli, ta tace su. Rahoton da ya fito a 1863 ya nuna ana rasa sojojin Ingila 69 cikin 1,000 kowace shekara a Indiya. Bayan shekara goma ana gyara, ta ba da labarin cewa adadin ya sauko zuwa 18. A hankali hankalinta ya bar bariki ya koma kan ƙauyukan Indiyawa, da ruwan shansu, da yunwa, da bashin da ke kan manoma.

Afirka ta Yamma ma ta shiga lissafinta. Ta sa Ofishin Mulkin Mallaka ya aika da takardun tambaya ga makarantu da asibitocin 'yan ƙasa a Silon da Ostireliya da Natal da Kanada da gaɓar Afirka ta Yamma, har da Saliyo. A takardar da aka karanta da sunanta a Edinburgh a 1863, ta nuna cewa yaran 'yan ƙasa a waɗannan makarantu suna mutuwa ninki biyu na tsaransu a Ingila, yawanci da cututtukan da ake iya hanawa. Ta koka ƙwarai da irin amsoshin da aka aiko mata, don da yawa an cika su da ganganci, wasu ma ba a cika ba. Dole ne kuma a faɗa cewa ta rubuta takardar da idon Turawan zamaninta, masu ganin al'ummar da suka mallaka ba ta waye ba. Ba ta tuhumi mulkin mallakar kansa ba, yadda ake gudanar da shi ta tuhuma. Ofishin bai yi wani abin kirki da binciken ba.

Sau ɗaya kuma alƙaluma suka sake juyowa kanta. Sashen koyar da ungozoma da ta kafa a asibitin King's College ya fuskanci mace-macen masu jego da zazzaɓi, aka rufe shi a 1867. Ta tattara ƙididdigar gidajen haihuwa na Ingila da na Turai, ta buga littafi a 1871 wanda ya nuna cewa a wancan zamani macen da ta haihu a asibiti ta fi wadda ta haihu a gida shiga haɗari. Game da asalin cuta kuwa, ta daɗe tana bin ra'ayin cewa mugun wari da gurɓatacciyar iska ke kawo ta, sai daga baya ta karɓi bayanin ƙwayoyin cuta. Dalilin nata bai cika daidai ba, amma maganin da ta nace a kai, watau ruwa mai tsabta da magudanai da rage cunkoso, shi ne daidai.

Burinta na ƙarshe shi ne a kafa kujerar farfesa a Jami'ar Oxford don koya wa masu shirin shiga aikin gwamnati yadda ake amfani da ƙididdiga, domin ta lura cewa ministoci da manyan sakatarori suna da alƙaluma jibge a ofisoshinsu amma ba a koya musu karanta su ba. Ta yi shawara da Benjamin Jowett da Francis Galton a 1891, ta ware kuɗi, abin bai yiwu ba. Wajen 1901 idanunta suka mutu. A 1907 Sarki Edward na Bakwai ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta farko da ta samu.

Ta rasu ran 13 ga watan Agusta, 1910, a gidanta da ke South Street a Landan, tana da shekara 90, watau shekara bakwai kafin a kammala ƙaurar hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Gwamnati ta nemi a binne ta a Westminster Abbey tare da sarakuna da manyan ƙasa, danginta suka ƙi saboda wasiyyarta. Sojoji shida suka ɗauki gawarta zuwa maƙabartar cocin ƙauyen East Wellow a Hampshire, kusa da iyayenta. A jikin dutsen kabarin ba a rubuta cikakken sunanta ba, sai haruffa biyu na farkonsa, da lokacin haihuwa da na rasuwa.